Marayun Kalandu: Abin da ke Biyo Bayan Goge Asusun Ma'aikaci daga Kundin Sunaye

Gabatarwa

A kowace makaranta ko ma'aikata mutane zuwa suke yi suna tafiya. Wannan malami ya yi ritaya, wancan a yi masa canjin wurin aiki, ɗalibai kuma su kammala karatu kowa ya kama gabansa. A zamanin da ake gudanar da komai da takarda, wanda zai bar aiki yakan rubuta bayanin miƙa aiki, ya ba da makullan ofis, ya damƙa fayil-fayil ga wanda zai gaje shi. Jadawalin da ya manna a jikin allo kuwa yana nan daram, domin takarda ba ta san mai ita ya tafi ba.

A yau da yawa daga cikin waɗannan jadawalai sun koma cikin kwamfuta, sun zama kalandun da mutane da dama ke dubawa a lokaci guda daga wayoyinsu. Irin wannan kalanda tana da mai ita a idon na'ura, wato asusun mutumin da ya ƙirƙire ta. To, idan aka goge wannan asusu, yaya makomar kalandar da jama'a ke dogaro da ita? Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda matsalar ke aukuwa, da dalilinta, da kuma hanyoyin da masana suka shimfiɗa don magance ta.

Mene ne Kundin Sunaye?

Kundin sunaye wani tsari ne da ke ajiye jerin duk mutanen da aka yarda su yi amfani da kwamfutocin wata ma'aikata. Kowane mutum yana da shafinsa, wanda ake kira asusu. A ciki akwai cikakken sunansa, da sunan da yake shiga da shi, da kalmar sirrinsa a ɓoye, da adireshinsa na imel, da rukunonin da aka sa shi a ciki, kamar rukunin malaman kimiyya ko na 'yan aji shida. Amfanin kundin shi ne a tara waɗannan bayanai wuri guda. Duk sa'ad da mutum ya nemi buɗe imel ko kalanda ko ma'ajiyar takardu, manhajar takan tambayi kundin ko ta san shi, idan kundin ya amsa sai a buɗe masa ƙofa.

Tarihin wannan tsari ya faro ne daga ƙa'idar X.500, wadda hukumar sadarwa ta duniya ta fitar a shekarar 1988. Ƙa'idar ta yi wa ƙananan kwamfutoci nauyi, saboda haka Tim Howes na Jami'ar Mishigan da ke Amurka, tare da wasu abokan aikinsa, suka samar da wata mai sauƙi da ake kira LDAP, wadda aka wallafa a 1993. Siga ta uku ta LDAP ta fito a 1997, kuma har yanzu ita ce harshen da mafi yawan kundayen sunaye ke ji. Kamfanin Microsoft ya fito da nasa kundin mai suna Active Directory tare da Windows 2000, shi ne kuma ya fi yaɗuwa a ofisoshi.

Kalandar Haɗaka da Rumbunta

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe da kyau shi ne, kalanda ba a cikin kundin sunaye take ba. Tana zaune ne a wata ma'ajiya dabam, wadda za a kira ta rumbun kalanda a nan. Kundin ya san mutane, rumbun kuma ya san taruka da ranaku da wuraren da aka kama.

Yadda ake rubuta taro a cikin rumbu yana bin ƙa'idar iCalendar, wadda ƙungiyar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta fitar a 1998, aka sabunta ta a 2009. Bisa wannan ƙa'ida, kowane taro yana ɗauke da lambarsa ta musamman, da lokacin farawa da na ƙarewa, da adireshin mai kiran taron, da adireshin waɗanda aka gayyata. Akwai kuma layin da ke bayyana maimaituwa, alal misali "duk ranar Talata da ƙarfe goma". Idan ba a sa wa wannan layi ranar ƙarewa ko adadin maimaici ba, taron zai yi ta bayyana har illa masha Allahu. A 2007 aka ƙara wata ƙa'ida mai suna CalDAV, wadda ta tsara yadda waya ko kwamfuta za ta yi magana da rumbun kalanda.

Kalanda takan zama ta haɗaka idan mai ita ya ba wasu izini a kanta. Izinin hawa-hawa ne. Wani ba ya ganin komai sai cewa lokaci kaza a kame yake, wani yana iya karanta cikakken bayani, wani yana iya rubutawa da gyarawa. Amma ikon ƙara mutum ko cire shi, da ikon share kalandar baki ɗaya, galibi yana hannun mai ita ne.

Igiyar da ta Haɗa su

Tun da kundin da rumbun wurare biyu ne, dole a sami igiyar da za ta haɗa su. Wannan igiya ita ce lambar shaida. Na'ura ba ta dogara da suna, domin ana iya samun mutum biyu masu suna ɗaya a makaranta ɗaya, kuma mace na iya canza suna bayan aure. Saboda haka ranar da aka buɗe wa mutum asusu, kundin yakan ba shi wata doguwar lamba da ba za a sake ba kowa ba. Wata irin wannan lamba tana da alamomi 32, haruffa da alƙaluma a gauraye. A cikin Active Directory akwai wata kuma da ke farawa da S-1-5-21, wadda ita ake rubutawa a jerin izini.

Idan mutum ya ƙirƙiri kalanda, abin da rumbun ke rubutawa shi ne cewa kalanda kaza ta lamba kaza ce. Duk lokacin da ake bukatar nuna sunan mai ita a fuskar waya, sai rumbun ya aika wa kundin da lambar, kundin ya dawo masa da suna. Ranar da aka goge asusun, rumbun zai aika da lambar kamar yadda ya saba, kundin ya ce bai san ta ba. An tsinke igiyar daga ɓangare ɗaya ke nan, ɗayan ɓangaren yana reto.

Hanyoyi Biyu na Lalacewa

Masu ƙera manhaja sun rabu biyu game da abin da ya dace rumbu ya yi a wannan hali, kuma kowace hanya tana da nata aibi.

Hanya ta farko ita ce a bi asusun da duk abin da ya mallaka a share. Wannan yana tsabtace rumbu, to amma yana haɗawa da abin da ba na mutum ɗaya ba. A ɗauka a wata makarantar sakandare malamin ilimin halittu ne ya ƙirƙiri kalandar ɗakin gwaje-gwaje, malamai takwas suna amfani da ita wajen kama lokacin darasin aikatawa, an kuma rubuta ranakun jarrabawar gwaji a ciki. Aka yi masa canjin wurin aiki, jami'in kula da na'urori ya goge asusunsa ranar Juma'a. Ranar Litinin malamai takwas za su wayi gari babu kalanda, aji biyu su yi karo a ƙofar ɗaki ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce a bar komai a inda yake. A nan ne ake samun abin da masana ke kira marayun bayanai, wato bayanan da ke nan amma babu mai su. Kalandar ɗakin gwaje-gwajen za ta ci gaba da bayyana a wayoyin malaman takwas, su ci gaba da rubutu a ciki, babu wanda zai lura da wani canji. Matsala takan taso ne bayan watanni, sa'ad da aka kawo sabon malami ana son a sa shi a ciki, ko kuma ana son a cire wani da ya bar makarantar. A lokacin ne za a tarar mai ikon yin hakan ba ya cikin kundin, kuma babu wanda ya gaje shi.

Ire-iren Abin da ake Bari a Baya

Idan aka duba da kyau, ragowar da asusu ke bari ta kasu kashi huɗu.

Na farko, kalandun da mutumin ya mallaka ya kuma raba wa wasu, kamar wadda aka ambata a sama.

Na biyu, tarukan da ya kira. Wannan kashi ya fi sauran wuyar sha'ani, saboda gayyatar taro ba a wuri ɗaya take zama ba. Kowane wanda aka gayyata yana da kwafinsa a cikin kalandarsa, kuma bisa ƙa'ida mai kiran taro ne ke aika da saƙon gyara ko na sokewa wanda zai shafi dukkan kwafin. Idan babu shi, kowa zai iya share nasa kwafin ne kawai. Taron sashe da aka tsara duk mako ba tare da ranar ƙarewa ba zai bayyana sau 52 a shekara a kalandar kowane malami, ko da an daɗe da sauya masa rana.

Na uku, wuraren da ya kama. A manyan makarantu da jami'o'i, ɗakin taro da ɗakin gwaje-gwaje da motar makaranta kowanne yana da tasa kalandar, wadda ke ƙin karɓar buƙata biyu a lokaci ɗaya. Idan wanda ya tafi ya kama babban ɗakin taro duk ranar Laraba, na'ura za ta ci gaba da cewa a kame yake, alhali kuwa ɗakin yana rufe babu kowa.

Na huɗu, izinin da wasu suka ba shi a kan nasu kalandun. Wanda ya buɗe jerin izini zai ga doguwar lamba a inda suna ya kamata ya kasance. Ita kanta lambar ba ta cutarwa matuƙar ba a sake raya ta ba, sai dai tana cika jerin da shara, har ya zama da wuya a gane wa ke da iko a kan me.

Darasi daga Jinin Ɗan Adam

Ɗaliban ilimin halittu sun san cewa jiki ma yana fuskantar irin wannan aiki a kowane lokaci. Jar ƙwayar jini takan rayu kimanin kwana 120, kuma a kowace daƙiƙa fiye da miliyan biyu daga cikinsu ne ke ƙare aiki. Jiki ba ya barin su su yi ta yawo a cikin jijiyoyi, ba ya kuma zubar da su gaba ɗaya. A cikin saifa da hanta akwai wasu manyan ƙwayoyi masu haɗiya, irin waɗanda masanin nan ɗan Rasha Ilya Mechnikov ya fara bayyana aikinsu a 1882. Su ne ke kama tsohuwar ƙwaya su wargaza ta. Sinadarin ƙarfen da ke cikinta, wanda yake da tsada a wurin jiki, sai a mai da shi ɓargo a ƙera sababbin ƙwayoyi da shi. Sauran abin da ba shi da amfani sai ya koma wani sinadari rawaya, hanta ta fitar da shi ta ruwan matsarmama. Idan rushewar ƙwayoyin ta fi ƙarfin kwashewa, rawayan sinadarin ya taru, shi ne ake ganin shawara a idon majiyyaci.

Tsarin da ke nan shi ne tantancewa, sa'an nan mai da abu mai amfani ga masu bukata, sa'an nan zubar da saura. Masu ilimin kwamfuta sun daɗe da gane bukatar irin wannan tsari. Tun wajen 1959 John McCarthy ya ƙirƙiro dabarar kwashe shara daga ƙwaƙwalwar na'ura, inda manhaja ke gano bayanan da babu abin da ke nuni zuwa gare su ta share su. Sai dai wannan dabara ba ta isa ta warware matsalar kalanda ba, domin marainiyar kalanda tana da masu amfani da ita, mai ita ne kurum babu. Na'ura ba za ta iya sanin wanda ya cancanci ya gaje ta ba, wannan hukunci na mutane ne.

Matakan da ake Bi Kafin Gogewa

Ƙwararru sun yi ittifaƙi a kan cewa gogewa ita ce matakin ƙarshe. Ga yadda ya kamata a jera aikin.

Mataki na farko shi ne dakatarwa. Ranar da mutum ya bar aiki sai a rufe asusunsa yadda ba zai iya shiga ba, amma a bar shafinsa da lambarsa a cikin kundin. Da wannan an toshe ƙofar tsaro, igiyar da ke tsakanin kundin da rumbun kuwa tana nan ba ta tsinke ba.

Mataki na biyu shi ne ƙidaya. A fitar da jerin duk kalandun da asusun ya mallaka, da sunayen waɗanda aka raba wa kowace, da tarukan da ya kira waɗanda ranarsu ba ta zo ba, da wuraren da ya kama. A miƙa jerin ga shugaban sashe, domin shi ya san wanne ne aikin ofis, wanne ne na kashin kai.

Mataki na uku shi ne ɗaukar kwafin ajiya. Kusan kowane rumbu yana ba da damar fitar da kalanda a fayil na iCalendar, wanda ake gane shi da haruffan ics a ƙarshen sunansa. Amma a kula, wannan fayil taruka kawai yake ɗauka, ba ya ɗaukar jerin izini. Wajibi ne a rubuta jerin daban.

Mataki na huɗu shi ne miƙa mallaka. A mai da kalandun ofis hannun magaji. Manhajar Nextcloud, wadda aka fara a Jamus a 2016 kuma makarantu da dama ke girkawa a kwamfutocinsu, tana da umarnin dav:move-calendar don ɗauke kalanda daga wannan asusu zuwa wancan. A tsarin Google Workspace jami'in kula yana iya mai da tarukan mai tafiya ga wani ma'aikaci, ya kuma saki ɗakunan da ya kama. A tsarin Microsoft ana iya juya akwatin saƙon mutum ya zama na haɗaka, kalandar da ke cikinsa ta ci gaba da aiki a hannun wasu.

Mataki na biyar shi ne soke tarukan da ba za a gada ba. Manhajar Exchange ta Microsoft tana da umarnin Remove-CalendarEvents, wanda ke aika da saƙon sokewa a madadin mai kiran taro, ya share kwafin da ke kalandun mahalarta da na ɗakuna. Umarnin yana bukatar akwatin saƙon ya kasance yana nan, wanda wannan ma wani dalili ne na jinkirta gogewa. Taron da za a ci gaba da yi kuwa, sai magaji ya sake kiransa da sunansa.

Mataki na shida shi ne sanarwa da jira. A shaida wa duk masu amfani da kalandar abin da aka yi, a kuma ba da lokaci. A makaranta, zango ɗaya cikakke ya fi dacewa da lissafi, saboda akwai jadawalin da ba a tuna da shi sai lokacin jarrabawa. Bayan wannan ne za a goge asusun.

Idan An Riga An Goge

Sau da yawa ba a fargaba sai bayan aikin gama ya gama. Duk da haka akwai ɗan lokacin da masu ƙera manhaja suka tanada domin gyara kuskure, sai dai tsawonsa ya bambanta. A Google Workspace ana iya dawo da asusun da aka goge cikin kwana 20. A kundin Microsoft na intanet, wanda aka sauya wa suna zuwa Entra ID a 2023, wa'adin kwana 30 ne. A Exchange da aka girka a cikin ma'aikata, akwatin saƙon da ya rabu da asusunsa yakan jira kwana 30 bisa tsarin asali, kuma a cikin wannan lokaci ana iya haɗa shi da wani asusu dabam.

Shi kuwa Active Directory, idan aka goge asusu ba ya ɓacewa nan take. Yakan koma abin da ake kira alamar kabari, wato ɗan guntun shafi mai ɗauke da lambar shaida, wanda aikinsa shi ne sanar da sauran kwamfutocin kundin cewa an goge wannan mutum. A farkon tsarin alamar kan zauna kwana 60, daga baya aka mai da shi kwana 180. Ana iya tayar da asusu daga alamar kabari da lambarsa ta asali, amma zai dawo ba tare da rukunoninsa ba. Daga Windows Server 2008 R2 aka ƙara kwandon shara wanda ke riƙe asusu da dukkan bayanansa, sai dai ba ya aiki sai jami'in kula ya kunna shi tun kafin a yi gogewar.

Idan wa'adi ya wuce, aikin ya koma bincike. Ana kwatanta jeri biyu, wato lambobin masu kalanda da ke rumbu da lambobin da ke cikin kundin. Duk lambar da ke jerin farko babu ita a na biyu, marainiya ce. Nextcloud tana yin wannan kwatanci da kanta lokaci-lokaci, kuma umarnin ldap:show-remnants yana nuna waɗanda suka ɓace daga kundin alhali kayansu na nan. Rumbun kalanda na kamfanin Apple, wanda ya zo tare da Mac OS X Server a 2007, shi ma yana da wani umarni na kwashe bayanan waɗanda suka bar kundin, kafin kamfanin ya cire hidimar kalanda daga wannan manhaja a 2018. Bayan an gano marayun, sai a duba ranar da aka yi rubutu na ƙarshe a kowace, a tambayi waɗanda aka raba wa ko suna bukatarta. Wadda ake bukata a fitar da tarukanta a zuba cikin sabuwar kalanda, a sake ba da izini. Wadda ba a bukata a ɗauki kwafinta a share ta.

Haɗarin Sake Amfani da Suna

Akwai wata gajeriyar hanya da kan ja hankalin wanda bai ƙware ba, wato ya sake buɗe sabon asusu da sunan wanda aka goge, da zaton kalandar za ta koma hannunsa. A tsarin da ke aiki da lambar shaida wannan ba ya haifar da komai, domin sabon asusu sabuwar lamba zai samu, rumbun kuma zai ɗauke shi baƙo.

A tsarin da ke dogara da suna ko adireshin imel kuwa, abin da ke faruwa ya fi muni. Duk wanda aka ba tsohon adireshin, ko da wani sabon ma'aikaci ne da sunansu ya zo ɗaya, zai iya tsintar kansa da gayyatar tarukan da ba nasa ba, har ma da izinin duba kalandar shugaban makaranta. An ga misalin wannan a fili a 2013, lokacin da kamfanin Yahoo ya sake rarraba adireshin imel da aka yi shekara guda ba a taɓa ba, wasu daga cikin sababbin masu su suka riƙa samun saƙonnin da aka nufi tsofaffin masu su da su. Saboda haka ƙa'ida mai kyau ita ce kada a sake ba kowa sunan shiga ko adireshin wanda ya tafi.

Batun Sirri da Doka

Wani zai iya cewa, tun da gogewa na da haɗari, me zai hana a bar komai har abada? Amsar ita ce kalanda tana ɗauke da sirrin mutane. A ciki akan sami ranar ganin likita, da zaman ladabtar da ɗalibi tare da sunansa, da ganawa da iyayen yara. Marainiyar kalanda babu mai sa mata ido, kuma waɗanda aka ba izini shekaru da suka wuce suna iya ci gaba da karanta ta. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018, ta tanadi cewa kada a riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake bukatarsu. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ita ma tana ɗauke da wannan sharaɗi, kuma ta shafi makarantu da jami'o'in da ke ajiye bayanan ɗalibai da ma'aikata. Ya kamata kowace makaranta ta rubuta tsawon lokacin da za ta riƙe kwafin ajiya, ta kuma share shi idan lokacin ya cika.

Riga-kafi

Hausawa na cewa riga-kafi ya fi magani, kuma a wannan fage riga-kafin ba shi da wuya. Duk kalandar da aikinta zai wuce zaman mutum ɗaya, to kada a ƙirƙire ta a ƙarƙashin asusun mutum. A buɗe ta da sunan ofis ko rukuni, kamar sashen kimiyya ko ofishin jarrabawa, yadda kujerar ce ke da ita, wanda ke kan kujerar kuma riƙo kawai yake yi. Izini ma a ba rukuni maimakon ɗaiɗaikun mutane, domin da zarar an cire mutum daga rukuni a cikin kundin, izininsa ya faɗi a ko'ina. A tabbatar akwai aƙalla mutum biyu masu cikakken iko a kan kowace kalandar haɗaka. Taro mai maimaituwa kuwa a sa masa ranar ƙarewa, misali ƙarshen zango ko ƙarshen shekarar karatu, yadda ko an manta da shi zai mutu da kansa. Daga ƙarshe, a ƙara layin kalandu da taruka a cikin takardar sallama da ma'aikaci ke zagayawa da ita kafin ya tafi, kusa da layin makullai da littattafan laburare.

Kammalawa

An ga cewa kundin sunaye da rumbun kalanda ma'ajiyoyi biyu ne da lambar shaida ta haɗa, kuma goge asusu yana tsinke wannan haɗi ne kawai. Abin da zai biyo baya, ko dai kalandar ta ɓace tare da aikin jama'a, ko ta zauna babu mai iko da ita. Maganin yana cikin bin tsari: a dakatar, a ƙidaya, a ɗauki kwafi, a miƙa, a soke, a sanar, sa'an nan a goge.

Malamai za su iya gwada wannan darasi a aji ba tare da kwamfuta ba. A ba kowane ɗalibi lamba a rubuta a rajista, a rubuta lambobin kaɗai a jikin littattafan da ke kan tebur, sa'an nan a soke suna ɗaya daga rajistar, a nemi 'yan aji su gano littattafan da suka zama marayu, su kuma yanke shawarar wanda zai karɓe su. Shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai da ke shirin kammala karatu su ma yana da kyau su duba, kafin makaranta ta rufe asusunsu, ko kalandar ƙungiya da sunansu take, su miƙa ta ga waɗanda za su gaje su.